Jan Layin Bakin Get

"Ba zan ba maigadi 'yata ba. Na gama magana."

Wanda ya faɗi wannan maganar shekara talatin da ɗaya ya yi yana gadi. Da kujerar bakin get ya ciyar da mu, da ita ya kai ni makaranta har na samu aiki a shagon sayar da magani. Amma ranar da na ce masa Dogo nake so, sai ka rantse ɓarawo na kawo masa.

"Baba, me maigadi ya yi?" na tambaye shi ina kuka.

"Ni za ki tambaya? Dube ni da kyau, Auta. Rana ɗaya aka wayi gari aka ce sai mai lasisi zai tsaya a ƙofa. Aka tura mu horon sati shida, aka zaunar da ni a benci da furfurata, aka miƙo mini biro. Sau biyu ina faɗuwa. Ni da ko allura ba ta taɓa ɓata a hannuna ba, aka karɓe makullai aka ce in tafi gida. Wannan rayuwar kike so ki shiga?"

"Shi zai ci, Baba. Wallahi yana karatu."

"To, ya ci mu gani. Ƙarshen wata mai zuwa ya ajiye mini lasisi a tafin hannuna. In bai kawo ba, zan ce wa Manaja ya turo manyansa, kuma kada in ƙara jin bakinki."

Manaja shi ne mai kula da babban kamfanin ajiyar kaya na bakin titi. Maganin gyambon ciki ya zo saye shagonmu, tun daga ranar cikin nasa bai ƙara warkewa ba. Turarensa yana riga shi isowa, motarsa kullum a wanke. Ba shi da wani aibu da za ka nuna da yatsa, sai dai in yana dariya idonsa ba ya taya shi. Ni dai ban taɓa jin sa a raina ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda Baba, mutumin da ba ya yabon kowa, ya koma kullum sai ya ce Manaja mutumin kirki ne.

Shi kuwa Dogo shekara takwas yana gadi a ƙananan wurare, sai yanzu dokar ta cim masa. Ya yi sati shidansa, ya ci jarrabawar rubutu da kyar da gumin goshi. Saura ta bakin get, wadda jami'ar hukumar lasisi za ta zauna ta zuba masa ido yana aiki. Wanda ya faɗi a wannan sai ya jira wata shida kafin a sake duba shi. Wa'adin Baba kuwa saura kwana uku.

Ana gobe jarrabawar ya zo shagonmu da rana. Na fito muka zauna a bencin waje, littafin horon a hannuna, duk ya tsufa saboda juyawa.

"Baƙo ya iso," na ce. "Me za ka yi?"

"In kalli fuskarsa. In tambayi sunansa da wanda ya zo gani. Ya ɗora jaka a tebur, in buɗe, in faɗi abin da na gani da ƙarfi yadda mai dubawa za ta ji. Sannan takardar shiga."

"In babu takarda?"

"Babu shiga."

"Ko mai kamfanin ne?"

"Ko kakansa ne."

"Sai me?"

"Sai jan layi." Ya nuna ƙasa da yatsa. "A gaban get suna ja layi da jan fenti. Ko me zai faru a waje, ƙafata ba za ta tsallake shi ba. Malaminmu ya ce da haka ake yaudararmu, wani ya zube a titi yana ihu, maigadi ya fita taimako, abokinsa ya shige. Wanda ya tsallake layin, ko ya yi komai daidai, ya faɗi."

"Ni ba layin nake ji maka ba, kallon fuskar ne. Shekara biyu kana zuwa gidanmu, in aka ce ka kwatanta Baba sai dai ka faɗi kalar takalminsa."

Ya yi dariya yana sosa ƙeya. "Baba daban ne. In na gan shi gwiwata ce take sanyi."

"A ina za su duba ka?"

Dariyar ta ɗauke.

"Babban get na kamfanin ajiyar kaya. Gobe ƙarfe goma."

"Wajen Manaja?"

"Kamfaninmu ne ke tsaron ƙofar. Shi ma ya sa hannu a takardar, na ga sunansa."

Na rufe littafin na riƙe shi da hannu biyu.

"Auta," ya kira ni a hankali. "In na faɗi fa?"

"Kada ka faɗa haka."

"Dole in faɗa. In na faɗi, ba zan ce ki saɓa wa Baba ba. Mutumin da ya tsaya a rana shekara talatin saboda ke, ba ni ne zan sa ki juya masa baya ba."

"Wato har ka sallama ni?" Hawaye suka zubo mini, ban damu da masu wucewa ba. "Ni ina nan ina faɗa da kowa a kanka, kai kana shirya mini bankwana?"

"Ban sallama ba. Tsoro nake ji."

"Ni ma tsoron nake ji. Amma ka ji ni da kyau, gobe ko ƙasa za ta tsage, ka ɗaga kanka ka yi aikinka."

Ya gyaɗa kai. Idonsa ya yi ja, ya karɓi littafin ya tafi bai waiwayo ba.

*

Washegari aikin yamma gare ni, don haka ina gida da safe. Wata huɗu ke nan kullum Baba yana fita ƙarfe shida da wata baƙar jaka, wai yana taya abokinsa zama a shago. Amma ranar har tara ta wuce yana zaune. Sai tara da kwata ya saɓi jakar ya fita.

"Umma, yau Baba ya makara."

Umma ta ci gaba da ninke kaya ba ta dube ni ba.

"Manaja ne ya kira shi jiya. Ya ce yau kada ya yi sammako, ya zo ƙarfe goma, ya bi ta babban get."

Kofin da ke hannuna ya kusa suɓucewa.

"Ƙarfe goma? Ya ba shi takardar shiga?"

"Wace takarda kuma? Cewa ya yi ya wuce kai tsaye, wanda ke ƙofar ya san shi."

Nan take na gane. Manaja ya san Dogo, ya san ba zai iya ɗaga ido ya kalli Baba ba, balle ya tambaye shi suna. Zai sunkuyar da kai ya buɗe ƙofa, jami'ar hukuma ta ja masa layi a takarda, shi ke nan wata shida. In kuwa ya yi ta maza ya tare shi, ya ci mutuncin Baba a bainar jama'a. Ta kowane gefe ni ce a hannun Manaja.

Na kira wayar Baba, sai na ji tana ƙara a kan tabarmarsa. Ta Dogo a kashe, an karɓe ta saboda jarrabawa.

"Ina za ki haka ba ko takalmin kirki?" Umma ta biyo ni har ƙofa.

Ban tsaya ba. Na tare tasi na ce masa ya taka, shi kuwa kamar da gangan, duk wanda ya ɗaga hannu sai ya tsaya. Ina zaune ina cizon leɓe ina duba agogo.

Goma da minti biyar na sauka. Na makara.

Baba yana gaban teburin. Dogo a tsaye a bayan jan layi cikin sabbin kayan aiki, gefensa wata mata mai tabarau tana zaune a kujerar roba da fayil a cinya. Direbobi uku suna layi a bayan Baba. Can sama, a tagar ofis, na hango Manaja da kofin shayi a hannu.

Na laɓe a jikin wata babbar mota. In na yi magana za a ce an taimake shi, in na yi shiru kuma zuciyata kamar ta fito.

"Buɗe mana," in ji Baba. "Ana jirana."

Kan Dogo a ƙasa. Na ga hannunsa ya kai kan ƙarfen da ake ɗagawa a buɗe hanya. Matar ta cire murfin biro.

Na runtse ido. Wayyo Allah, Dogo, ka kashe mu.

"Barka da zuwa. Sunanka?"

Na buɗe ido. Dogo ya saki ƙarfen. Ya miƙe sosai, duk tsawon nan nasa, yana kallon Baba cikin ido. Gumi na bin gefen fuskarsa.

"Me ka ce?" Muryar Baba ta yi ƙasa, irin ƙasan da muke tsoro a gida.

"Sunanka, Baba, da wanda ka zo gani."

"Ni kake tambaya sunana? Kai?"

"Aiki ne, Baba."

Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya faɗi sunansa cikakke, ɗaya bayan ɗaya, kamar yana jifansa da su. Dogo ya rubuta.

"Jakar, a kan tebur."

A nan ne na ga abin da ban taɓa gani ba. Baba ya ja jakar ya rungume ta a ƙirji.

"Ba komai a ciki."

"Sai na gani, Baba."

Da kyar ya ajiye. Dogo ya zuge zif ɗin, ya leƙa, sai ya tsaya cak.

"Ban ji ka ba," in ji matar. "Me ka gani?"

Dogo ya ci gaba da kallon cikin jakar.

"Malam, da kai nake. Me ke cikin jakar?"

Dogo ya ɗaga murya. "Riga da wando na gadi, tsofaffi. Hula. Tocila. Usur. Babu abin da aka hana shiga da shi."

Ya ɗago rigar kaɗan kamar yadda aka koya musu. Na san ta. Shuɗiyar rigar Baba ce da na ɗauka tana ƙasan akwati tun shekara biyu, ga karin guga a kafaɗa irin wanda Umma kaɗai take yi. Ashe babu wani shagon aboki. Ashe wata huɗu Baba yana yi wa Manaja gadi a ɓoye, ba lasisi. Shi ya sa Manaja ya zama mutumin kirki.

Matar ta miƙe tsaye ta gyara tabarau.

"Baba, gadi kake yi a nan?"

Wanda aka kama yana gadi babu lasisi, hukuma ce da shi har gaban alƙali. Baba kuwa ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba. Na ga leɓensa ya motsa zai amsa.

"Ranki ya daɗe," Dogo ya riga shi, "ga jerin ma'aikatan da aka ba ni da safe, babu sunansa. A wajena baƙo ne." Ya juya. "Baba, takardar shiga?"

"Manaja ya ce in wuce."

Dogo ya ɗaga wayar get ya kira ofis. Daga inda nake ina ganin Manaja, wayar na ƙara a bayansa, bai ko juya ba. Da ya ga matar ta ɗaga kai tana kallon sama, sai ya ja da baya ya saki labule.

"Ba a ɗauka ba," in ji Dogo. "Baƙo ba shi da takarda, kuma ba a tabbatar da shi ba. Ba zai shiga ba." Ya dubi Baba. "Ka yi haƙuri, Baba. Ka koma."

Matar ta dubi Dogo, ta dubi Baba, ta dubi rigar.

"Get nawa ne a kamfanin nan?"

"Biyu, ranki ya daɗe. Akwai na baya."

Ta rubuta wani abu ta ja layi a ƙarƙashinsa, sannan ta koma ta zauna. "Yau jarrabawarka na zo dubawa. Ci gaba."

Baba ya tura rigar cikin jaka, ko zif bai ja ba. Ya juya zai tafi, sai idonsa ya faɗa cikin nawa. Ban san lokacin da na fito daga jikin motar ba.

"Auta?"

Yana kallona bai ga ƙarfen bakin kwata ba. Ƙafarsa ta harɗe, ya tafi gaba ɗaya ya zube a kan kwalta. Jakar ta tarwatse, hular ta yi gefe, usur ya gangara ƙarƙashin mota.

"Baba!"

Ni da Dogo muka faɗa tare. Na gan shi ya zabura, ya kewaye teburin, ƙafarsa ta tashi sama a kan jan layin.

"Kai!"

Tsawar ta sa har direbobin suka razana. Baba ne, yana kwance a ƙasa, ya ɗago kai yana nuna shi da yatsa.

"Koma bakin ƙofarka! Uban wa ya koya maka gadi? Koma, na ce!"

Dogo ya ƙame. Ya yi tangaɗi kamar zai faɗi, ya dafa tebur, ƙafar ta sauka. A kan layin ne, a bayansa ne, daga inda nake ban gani ba. Matar ta leƙo ta dubi ƙasa, ta yi rubutu, fuskarta ba ta nuna komai ba.

Ni na ɗaga Baba, wani direba ya tattaro mana kayan. Da na waiga, Dogo yana tsaye a wurinsa, hawaye na zuba, yana ce wa na gaba, "Barka da zuwa. Sunanka?"

*

Tasi muka hau muka koma. A gida na ɗauko auduga da maganin ciwo na durƙusa ina wanke masa gwiwa. Umma ta tsaya a bakin ɗaki, da ta ga jakar a buɗe sai ta sa gefen mayafi ta rufe fuska.

"Baba, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya sauke ido kan jakar.

"Zaman gida ne ya fi ƙarfina, Auta. Mutum ya tashi da safe ba inda ake jiransa. Ya zo ya ce mini akwai ƙofar baya, ba mai zuwa dubawa, in riƙa zama. Wata huɗu ina shiga ta lungu, ina sa riga a bayan tankin ruwa kamar mara gaskiya."

"Da ka bari, Baba. Ai ina aiki."

"Ba abinci na rasa ba." Ya kau da kai. "Ina kwance a kwaltar nan na tambayi kaina, me ya sa yau goma? Me ya sa babban get? Ashe ni aka ɗana. Da furfurata aka yi tarko da ni."

Kuka ya ƙwace mini. Na kifa kai a gefen kujerarsa.

"Shi kuma wancan," Baba ya ci gaba, muryarsa ta koma ƙasa, "ya kalle ni cikin ido. A gaban direbobi ya tambaye ni sunana. Ya zazzage mini jaka, ya ce in koma."

"Don Allah, Baba, ka yafe masa. In bai yi ba faɗuwa zai yi, kuma da ka shiga da sun kama ka a ƙofar baya. Aiki ne..."

"Ke za ki koya mini aiki?"

Ranar ko abinci bai taɓa ba. Na aika shago cewa ba zan samu zuwa ba. Wayar Dogo har lokacin a kashe, sakamako kuma sai gobe za a liƙa. Na zauna a tsakar gida ina ta ganin ƙafar nan a sama.

Wajen ƙarfe biyar muka ji hon a ƙofar gida. Turaren ya riga sallamar shigowa.

Umma ta dube ni, na dube ta. Baba ya miƙe yana ɗingishi, ya hana kowa taya shi. Ya buɗe ƙofar rabi, ya tsaya a tsakiya ya cika ta.

Manaja na tsaye da ledoji a hannu biyu, murmushi har kunne.

"Baba, sannu da jiki. Wallahi kuskure aka samu, ina cikin taro ne. Yaran nan sabbin horo ba su san manya ba, amma zan yi maganinsa."

"Wa ka zo gani?"

"Haba, Baba, ni ne fa."

"Na ga kai ne. Na ce wa ka zo gani?"

Murmushin ya fara bushewa. "Auta mana, da kai."

"Ba ta jiranka. Ni ma ba na jiranka."

"Baba, ka yi tunani. Aikin nan da na ba ka..."

"Ka nemi mai lasisi."

Ya tura ƙofar ya danna sakata. Muna ji Manaja ya ƙwanƙwasa sau biyu, ya kira sunana sau ɗaya, sannan motar ta tashi da ƙarfi.

Baba bai juyo ba. Hannunsa na kan sakatar, bayansa nake kallo.

"Ke."

"Na'am, Baba."

"Ki nemo mini wancan mai taurin idon. In sun ba shi takardar, ya kawo in gani."

Na matso a hankali.

"In ba su ba shi ba fa, Baba? Ƙafarsa... ban sani ba ko ta taɓa layin."

"Duk wurin ba wanda ya kai ni kusa da layin, a ƙasa nake kwance. Saura yatsa biyu. Bai taɓa ba."

"Amma in matar ta ce ya taɓa? Wa'adin jibi ne."

Sai a lokacin ya juyo. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, amma fuskar a ɗaure take tamau, kamar yana bakin get.

"Ya zo dai," ya ce. "Jarrabawar a gabana aka yi ta."